Lyndon Rive: baƙon da ya shimfiɗa sola a rufin gidajen Amurka, sannan ya ajiye aiki ya koma wajen iyali

A watan Mayun 2017, Lyndon Rive ya sanar cewa zai bar kamfanin Tesla nan da wata guda. Shekarunsa 40 a lokacin, kuma wata shida ke nan da Tesla ta sayi SolarCity, kamfanin wutar sola da ya kafa tare da yayansa Peter, a kan kusan dala biliyan 2.6. Dalilai biyu ya bayar: yana so ya kafa wani sabon kamfani, kuma yana so ya samu lokacin zama da iyalinsa.

Dalili na biyu ya zama kamar waƙa a bakin manyan shugabannin kamfanoni, duk wanda zai sauka shi yake faɗa. Amma idan mai karatu ya bi shekaru 10 da Rive ya yi yana jan ragamar SolarCity, zai ga inda lokacin ya tafi, ya kuma ga abin da irin wannan sana'a take karɓa daga hannun magidanci.

Daga Pretoria zuwa ƙasan kwamin iyo

An haifi Lyndon Rive a Pretoria ta Afirka ta Kudu a 1977. Mahaifiyarsa da mahaifiyar Elon Musk tagwaye ne, don haka shi da Musk 'ya'yan ya da ƙanwa ne. Bai yi jami'a ba. Tun yana ɗan shekara 17 ya fara kasuwanci, yana rarraba magungunan da ake haɗawa daga tsirrai.

Abin da ya fara kai shi Amurka wasa ne da mutane da yawa ba su taɓa jin sunansa ba: hoki na ƙarƙashin ruwa. 'Yan wasa shida ne a kowane ɓangare. Suna riƙe numfashi su nutse ƙasan kwamin iyo, suna tura wani faifan dalma mai nauyi da gajeriyar sanda har su jefa shi a ragar abokan karawa. A 1998 an yi gasar duniya ta wannan wasa a San Jose da ke jihar Kalifoniya, Rive ya zo cikin tawagar ƙasarsa. Ya ga yadda kamfanonin kwamfuta ke tsirowa a yankin kamar ciyawar damina, sai ya yanke shawarar nan zai zauna.

Shi da ɗan'uwansa Russ suka kafa Everdream, kamfanin da ke kula da kwamfutocin ma'aikatu daga nesa ta intanet: sabunta manhaja, gyara matsala, adana bayanai, ba tare da injiniya ya taka ofishin ba. Kamfanin Dell ya saye shi a 2007.

Sai dai kafa kamfani bai ba shi takardar zama ba. Tsarin shige da fice na Amurka yana fifita mai digiri, shi kuwa ba shi da shi, ko da yake yana biyan Amurkawa albashi. Ta hannun matarsa mafita ta zo. Ita ma 'yar wasan hokin ƙarƙashin ruwa ce, kuma ƙwarewarta a wasan ce ta sa aka ba ta katin zama na dindindin, shi kuma ya samu a matsayin mijinta. Daga baya har ya buga wa tawagar Amurka. Wato tun kafin a sa tubalin farko na SolarCity, zamansa a ƙasar ya rataya ne a kan iyalinsa.

Dabarar da ta ɗaga SolarCity

A 2004, suna cikin mota a hanyar zuwa bikin Burning Man da ake yi a hamadar Nevada, Musk ya ba shi shawarar ya duba harkar sola. Lyndon da Peter suka yi kusan shekara biyu suna nazari. A Yulin 2006 suka buɗe SolarCity: Lyndon shugaba, Peter mai kula da ɓangaren fasaha, Musk kuma shugaban hukumar gudanarwa kuma babban mai zuba jari.

Abin da suka gano shi ne fasahar ba ita ce matsala ba. Farantin sola yana mayar da hasken rana wutar da ke gudu ta hanya ɗaya, irin wadda ke cikin batirin waya. Inbata kuma tana juya ta zuwa irin wutar da soket ɗin gida ke bayarwa. Duk wannan an daɗe da saninsa. Abin da ke hana mutane saka sola shi ne kuɗin farko, domin a wancan lokacin cika rufin gida da faranti yana cin dubban daloli masu yawa a tashi ɗaya.

A 2008 suka fito da tsarin haya. Kamfani ne zai sayi faranti, ya hau rufinka ya ɗaura, ya riƙa lura da su ta intanet, ya gyara idan sun lalace. Kai ba za ka biya komai a ranar farko ba. Za ka riƙa biyan wani abu duk wata har tsawon shekaru masu yawa, kuma an tsara shi ya zama ƙasa da abin da kake biyan kamfanin lantarki.

Abubuwa biyu suka sa lissafin ya fita. Na farko, a wancan lokacin gwamnatin tarayya tana rage wa mai sola haraji da kashi 30 cikin 100 na kuɗin da ya kashe, kuma tunda farantin na kamfani ne, shi da masu zuba masa jari ne ke cin wannan rangwame. Da haka aka jawo bankuna da manyan kamfanoni. Google kaɗai ta zuba dala miliyan 280 a 2011. Na biyu, jihohi da yawa suna da dokar da ta ce idan rufinka ya samar da wutar da ta fi ƙarfin gidanka da rana, rarar za ta koma layin lantarki, a rage maka daga bil ɗinka.

Wanda ya taɓa karɓar sola ko waya a kan biya kaɗan-kaɗan, irin na M-KOPA ko Sun King, ya riga ya san zuciyar wannan tunani. Bambancin shi ne a Amurka layin lantarki ne ke zama ma'ajiyar wuta, mu kuwa a nan sai da batir, domin layin ba abin dogaro ba ne.

Girma da bashi

A Disambar 2012 SolarCity ta shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a kan dala 8 kowane hannu. Cikin 'yan shekaru ta zama kamfani mafi girma a Amurka wajen ɗaura sola a gidaje, tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na kasuwar. Ma'aikatanta sun haura 15,000 a ƙarshen 2015. A 2014 ta sayi Silevo mai ƙera faranti, ta kuma shiga aikin wata katafariyar masana'anta a Buffalo ta jihar New York.

Amma tsarin yana da ƙaya a jikinsa. Kowane sabon kwastoma yana nufin kamfani ya fitar da kuɗi masu yawa yau, ya jira su dawo a hankali cikin shekara 20. Yawan kwastomomi, yawan rance. Zuwa 2016 bashin da ke kan kamfanin ya kai kusan dala biliyan 3.

Ga kuma siyasa. A Disambar 2015 hukumar kula da lantarki ta Nevada ta rage kuɗin da ake biyan masu sola a kan rarar wutarsu, ta kuma ƙara musu kuɗin wata. Nan take lissafin ya rushe a jihar. SolarCity ta dakatar da aiki a can, guraben aiki kusan 550 suka tafi. Hukunci ɗaya na wata hukuma ya share aikin shekaru.

Inda lokacin uba yake tafiya

Duk wannan ya faru ne tsakanin shekarar Rive ta 29 da ta 40, shekarun da yake magidanci mai 'ya'ya ƙanana a gida. Shugaban kamfanin da ke kasuwar hannun jari yana ba masu jari rahoto duk bayan wata uku. Kamfanin sola kuma ba kamar manhaja ba ne da za ka rubuta sau ɗaya ka tura wa duniya. Kowace jiha da dokarta, kowane gari da takardun izininsa, kowane rufi sai mutum ya hau da tsani. Ga neman sabon rance kafin tsohon ya ƙare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran a tashi daga makaranta ko a gama cin abincin dare.

Baƙo yana da ƙarin nauyi a nan. Wanda ke sana'a a garinsu, idan aiki ya riƙe shi, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai maƙwabtan da suka san shi tun yana yaro. Wanda ya ƙetare teku yakan bar mafi yawan wannan a baya, sai nauyin gida ya taru a kan mutum biyu. Rive ya fi baƙi da yawa sa'a, domin 'yan'uwansa suna kusa. Sai dai su ne kuma abokan kasuwancinsa, don haka zumunci da aiki suka zama abu ɗaya.

Wannan cakuɗuwa ta fito fili a 2016, lokacin da Tesla ta nemi sayen SolarCity. Musk ne shugaban Tesla, shi ne kuma mafi yawan hannun jari a kamfanonin biyu. Wasu masu hannun jarin Tesla suka kai ƙara a jihar Delaware, suna cewa an yi amfani da dukiyarsu an ceto kamfanin dangi. An kammala cinikin a Nuwambar 2016, shari'ar kuwa ta ja har 2022, inda alƙali ya ba Musk gaskiya, kotun ƙolin jihar ta tabbatar a 2023.

Bayan cinikin, Rive ya tashi daga shugaban kamfani ya koma mai kula da tallace-tallace da hidimar kwastomomi a sashen makamashi na Tesla. Don haka ba za a ce kewar gida kaɗai ta fitar da shi ba. Kujerar ma ta ragu. Peter shi ma ya bi bayansa ba da jimawa ba. Abin lura shi ne sai da kamfanin ya bar hannunsa sannan lokacin iyali ya samu wuri.

Abin da matashi zai ɗauka

Matasa da yawa da ke koyon rubuta manhaja ko haɗa sola suna mafarkin fita waje su kafa nasu. Labarin Rive ya nuna ƙofar a buɗe take ko ga wanda bai da digiri, ya kuma nuna abubuwan da ba a cika faɗa ba. Takardar zama tana iya fin jari wuyar samu. Kasuwancin da ke tsaye a kan rangwamen gwamnati yana iya girgiza da sa hannun mutum uku a wata hukuma. Idan ka haɗa jari da ɗan'uwa, ku rubuta komai tun ana dariya.

Sai kuma lissafin lokaci. Kwantiragin SolarCity shekara 20 ne, kusan daidai da abin da ake ɗauka a raini jariri har ya zama mutum. Kamfanin ya ginu a kan cewa za a iya ɗage biya zuwa gaba, a riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan. Yaro kuwa ba ya karɓar wannan tsari: shekararsa ta biyar sau ɗaya take zuwa, ko uban yana gida ko yana filin jirgi. Wanda zai shiga irin wannan hanya, gara ya zauna da matarsa tun farko su yanke awannin da ba na sayarwa ba ne, kafin masu jari su yanke musu.