Tristan da Cunha: Tsibirin da sai an kwana shida a teku kafin a isa

A tsakiyar kudancin Tekun Atilantika akwai wani tsibiri mai suna Tristan da Cunha, wanda ake ɗauka a matsayin mazaunin ɗan Adam mafi nisa daga sauran jama'a a duniya. Tsakaninsa da tsibirin St Helena, maƙwabcinsa mafi kusa da ke da mazauna, akwai kimanin kilomita 2,400. Ba shi da filin jirgin sama, don haka mai son zuwa sai ya shiga jirgin ruwa daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, ya shafe kusan kwana shida a kan teku.

Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Fotugal ne ya fara hango tsibirin a shekarar 1506, kuma sunansa aka raɗa masa. Birtaniya ta mamaye shi a 1816, a lokacin da take tsare da Napoleon a St Helena. Da aka janye sojoji, wani kofur mai suna William Glass ya zaɓi ya zauna tare da iyalinsa, kuma daga nan al'ummar ta samo asali. A yau mazaunan ba su kai 300 ba, dukkansu a ƙauye ɗaya mai suna Edinburgh of the Seven Seas.

Filaye a tsibirin mallakar al'umma ne baki ɗaya, kuma ba a sayar wa baƙo. Jama'a na noman dankalin Turawa da kiwon shanu da tumaki, yayin da kuɗin shiga ke zuwa daga sayar da wani nau'in babban jatan lande da kuma kan sarki ga ƙasashen waje.

Nisan na da tsadarsa. Asibitin tsibirin ƙarami ne, kuma majinyacin da ciwonsa ya tsananta dole ya jira jirgin da zai kai shi Cape Town. A shekarar 1961 dutsen tsibirin ya yi aman wuta, aka kwashe kowa da kowa zuwa Ingila. An samar musu da gidaje da ayyukan yi, amma a 1963 mafi yawansu suka zaɓi komawa gida, inda suka sake gyara ƙauyensu a gefen dutsen da ya kore su.