Abin Da Kwamfuta Ta Nuna Min Game Da Tabar Angona

Saura wata biyu bikina na tsinci kwalin taba a motar wanda zan aura. Da na yi ƙorafi sai ya yi murmushi ya ce, "Haba ƙanwata, kara uku ne fa kacal a rana, kuma lafiyata ƙalau."

Raina bai kwanta ba, na kai kuka gun Antina da ke koyarwa a sashen likitanci. Ba ta ce komai ba, ta kunna kwamfuta. Sai ga hoton zuciya tana harba jini cikin jijiyoyi kamar famfo da tiyo. Ta ce lissafi ne tsantsa, tushensa tun 1899 wani Bajamushe, Otto Frank, ya kwatanta yadda manyan jijiyoyi ke buɗewa su koma kamar roba. Yau ana ba na'urar faɗin jijiya, taushinta da bugun zuciya, ita kuma ta fitar da awon jini.

Ta fara da mai lafiya, 120 bisa 80. Sannan ta sa mata halin mashayi: nikotin yana tsuke jijiya, yana ƙara saurin bugun zuciya, shekaru na tafiya jijiyar na ƙandarewa. Ina kallo lambobin suka yi sama. Ta ce, "'Yata, in faɗin tiyo ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin 16 na ruwan ne zai wuce, sai dai famfon ya ƙara wahala." Ƙarshenta bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wallahi jikina ya yi sanyi, don ta ce matar da ke shaƙar hayaƙin a ɗaki ma ba ta tsira ba, haka mai zuƙar shisha.

Amma akwai albishir. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 20 da ajiye taba bugun zuciya da awon jini suke sauka, bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi.

Washegari na jawo shi gun Anti, ban yi faɗa ba. Ya daɗe shiru yana kallon allon, sannan ya miƙo min kwalin.

'Yar uwa, tun kafin a shafa fatiha ki bincika. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.