Ba Mota Ke Kisa Ba, Hannun Da Ke Riƙe Da Ita Ne

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Tozai zuwa Isa ko Sabon Birni ran kasuwa ya san yadda ake cika ta. Ga buhuna, ga awaki, ga mutane har bisa kaya. In aka yi haɗari sai mu ce hanya ce ba kyau, ko taya ce ta fashe. Amma masana sun bi diddigin abin, sun ga wani abu dabam.

A 1979 Jami'ar Indiyana ta Amurka ta fitar da sakamakon binciken haɗari fiye da 2,000. Suka tarar a fiye da 90 cikin 100 akwai hannun mutum: rashin duba hanya sosai, gudu, da hankali ya tafi wani wuri. Laifin mota kaɗan ne.

A 1997 kuma masana a Ostireliya suka gwada mutane da rashin barci. Wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa kan yi nauyi kamar na wanda ya sha giya har ya kai iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi. Goro da shayi ba sa biyan bashin barci.

Ga wani lissafi da ɗan aji shida zai iya yi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Direba ya ga yaro ko jaki, kafin ƙafarsa ta taka birki ya riga ya wuce wannan tazara.

Mun sani direbobinmu na Gobir suna sauri ne don tsoron 'yan bindiga, kada magariba ta same su a daji. Maganin wannan shi ne sammako da isasshen barci, ba ƙarin wuta ba.

Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya, amma ma'aikatanta ba za su zauna a kowace mota ba. Mu ne ke ciki. Uwargida, in maigida ya kwana bisa hanya, ki roƙe shi ya huta kafin ya koma. Iyaye, kada mu ba yaro babur, kada saurayi ya hau ba hular kwano. Fasinja, in direba yana gyangyaɗi ko yana waya, mu ce masa cikin ladabi, "Malam direba, a tsaya a huta." Ran da Allah ya ba mu amana ce, namu da na maƙwabcinmu.