Matsayin Asuwaki da Darbejiya wajen Wanke Saiwar Haƙori

Idan ruɓa ta kai ga jijiyar haƙori, likita kan cire jijiyar, ya wanke ramin saiwar da sinadarin sodiyam haifokulorait. Sinadarin yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yakan ƙona nama idan ya zarce saiwar. Wannan ya sa masana suka gwada ruwan darbejiya da na itacen araki, wanda ake asuwaki da shi. A ɗakin gwaji sun rage ƙwayoyin cuta, sai dai ba sa narkar da mataccen nama kamar sinadarin. Don haka falalar asuwaki da Sunna ta tabbatar ba hujjar ƙaurace wa likita ba ce, domin neman magani ma koyarwar Manzon Allah (SAW) ce. Allah ne Mafi sani.