Mintuna goma sha biyar na farkon ƙarin jini

Duk wanda ya taɓa jinya a Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, ya san yadda gida ke rikicewa idan likita ya ce a nemo jini leda biyu. A kira ƙane, a kira maƙwabci. Da an rataya ledar sai kowa ya yi ajiyar zuciya, mai jinya ya fita sayen ruwa. A ganina lokacin ne bai kamata ya ɗaga ba.

Jinin wani baƙo ne a jikinka. A 1901 Karl Landsteiner ya nuna a birnin Biyana cewa jini rukuni-rukuni ne, a 1940 kuma shi da Alexander Wiener suka bayyana rukunin Rh. Idan aka ɗura wa mai O jinin mai A, garkuwar jikinsa za ta far wa jajayen ƙwayoyin baƙon jinin, ta farfasa su a cikin jijiya. Sai rawar ɗari, ciwon baya, numfashi sama-sama, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ƙoda tana iya tsayawa. Alamun sukan fara tun jinin bai yi nisa a leda ba, shi ya sa ake sa ido sosai a mintuna 15 na farko. Sau da yawa kuma tushen abin musayar suna ne a kan kwalbar gwaji ko leda.

Ba kowane borin da jiki ke yi wa baƙon jini ne mai kisa ba. Zazzaɓi ko borin jini mai ƙaiƙayi sun fi yawa, kuma sukan lafa. Amma bambance su aikin likita ne. Mai jinya ya kira nas kawai, a tsayar da jinin.

Masu sikila sun fi ba ni tausayi. Yawan ƙarin jini na sa jikinsu ya tara makamai a kan ƙananan rukunai irin su Kell da Kidd, sai bayan mako ɗaya ko biyu da sallama ido ya yi ɗorawa, jinin ya sake zubewa, a ɗauka ciwon da aka saba ne. A koma asibiti, a faɗi ranar da aka yi ƙarin.

Haka mijin da ke rige-rigen ba matarsa jini. Niyyar kyakkyawa ce, amma jikinta na iya haddace jininsa, gobe ya yaƙi jaririn da ya gaji jinin uban. Gara ya bayar a ajiye wa wani, ita a ba ta wanda gwaji ya nuna ya dace da ita.