Sana'ar Sassaƙa a Duwatsun Madagaskar: Misalin Zafimaniri



A ƙasar Hausa in an ce masassaƙi, abin da ke faɗo mana a rai shi ne turmi da taɓarya da akushi. To, yau ina so in kai ku wurin wata al'umma wadda masassaƙinta ne maginin gida, watau Zafimaniri, mazauna duwatsun da ke gabas da garin Ambositra a tsibirin Madagaskar. Kakanninsu sun hau waɗannan duwatsu ne a ƙarni na 18, suna bin daji, domin itatuwan inda suka baro sun ƙare.

Kayan aikinsu na hannu ne, waɗanda aka gada kaka da kakanni: gatari na sara, gizago na fafewa da daidaita katako, sai 'yan wuƙaƙe na zane. Ba sa buga ƙusa. Sai a huda wannan katako, a fiƙe bakin wancan, a cusa shi ya kama. A kan ƙyaure da taga kuwa akan zana siffofi masu ma'ana. Alal misali, saƙar gizo tana nuna zumunci, saƙar zuma kuma zaman tare.

Amma abin lura shi ne yadda gida ke girma tare da aure. Masanin al'adu Maurice Bloch, wanda ya zauna cikinsu, ya bayyana cewa ango da amarya sukan fara ne da ɗaki na saƙaƙƙen gora, wanda iska ke ratsawa. In aure ya yi ƙarko, aka haifi 'ya'ya, sai a riƙa cire goran kaɗan-kaɗan ana sa katako mai tauri, ana yi masa zane. Su da kansu suna cewa gidan yana yin ƙashi. Ke nan wanda ya dubi bango ya san shekarun auren da ke ciki.

A shekarar 2003 hukumar UNESCO ta bayyana wannan sana'a cikin manyan abubuwan gadon ɗan Adam. Sai dai yabo ba ya tsirar da itace. Dajin ya ja baya saboda sara da ƙuna don noma, masassaƙa da yawa kuma sun koma yin ƙananan kaya na sayar wa baƙi. Gizago yana nan, gwaninta tana nan, amma in babu katako mai tauri, da me gidan ango zai yi ƙashi? Wannan tambaya ta shafi masassaƙinmu ma, wanda ƙirya da maɗaci suka yi masa nisa.