Yadda ake shiga ruwa a lungun Sugiton

Tsakanin Marseille da Cassis, a kudancin Faransa, gaɓar Bahar Rum ta tsattsage, ruwa ya kutsa tsakanin dogayen fararen duwatsu. Mutanen wurin suna kiran irin wannan lungu calanque. A 2012 aka mai da yankin gandun ƙasa mai kariya, kuma Sugiton na cikin lungunan da suka fi farin jini. Farin jinin ne ma ya jawo masa: sawun jama'a ya zaizaye ƙasar, shi ya sa tun 2022 aka ƙayyade mutum 400 a rana a lokacin zafi. Don haka, kafin ka ɗauki ko tawul, fara yin rajista ta intanet. Kyauta ce.

Mota ba ta kaiwa. Daga unguwar Luminy ake gangarawa a ƙafa, tafiyar kusan awa guda, can ƙasa kuwa babu shago, babu famfo. Ka ninka ruwan shan da ka yi niyyar ɗauka, domin dawowar hawa ce zalla.

Sai ka tambayi labarin iska. Akwai wata da ake kira mistral, mai kaɗowa daga arewa. Idan ta yi kwana biyu tana bugawa, takan kore ruwan sama mai ɗumi zuwa tsakiyar teku, na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Sai ka ga rana tana ƙuna, amma ka tsoma ƙafa ka ji kamar ruwan randa da asubar hunturu. Baƙo ne kawai ke mamakin wannan.

In ka isa, kada ka shiga ruwa ba tare da takalmin roba ba. Cikin ramukan dutse bushiyar teku ke maƙalewa, baƙa ƙirin, ƙayarta kuwa karyewa take yi a cikin tafin ƙafa. Ka tofa yawu a cikin gilashin tabaran ruwanka, ka murza, ka ɗauraye, don kada ya yi hazo. Ƙazanta ce a ido, amma tana aiki. Sannan ka ciji bakin bututun numfashi a hankali, ka kife a inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, ka yi ta numfashi ta baki har zuciyarka ta natsu. In ruwa ya shiga bututun, hura shi waje da ƙarfi sau ɗaya. Gishirin wannan teku ya kai giram 38 a lita, shi zai tallafe ka; ba sai ka yi ta fafutuka ba.

Daga nan sai kallo. Ƙarƙashinka ciyawar posidonia ke rausaya, dogayen ganyenta kamar tsintsiya, garken kifi masu ratsin rawaya suna kiwonta kamar awaki a fadama. In ka daina motsi, su da kansu za su matso. Kada ka tumɓuke ciyawar, doka ta hana, kuma 'yan santimita kaɗan take yaɗuwa a shekara.

Da zarar ka ji haƙoranka sun fara haɗuwa, fito ka kwanta kan dutsen da rana ta gasa.